Yadda ƙusoshin takalmi da tsayuwar ƙafa ke gyara bugun ɗan wasan golf ko su ɓata shi

Idan ƙwallo ta karkace ta faɗa cikin itatuwa, hannunsa ɗan wasan golf ke fara dubawa. Daga nan ya dubi sandar, ya ce ko ta yi masa tsawo, ko riƙon ne bai yi ba. Mai ɗaukar masa jaka kuwa, wanda ya shekara yana bin filin safe da yamma, ƙasa yake kallo. Yakan ga wani ɗan karce a kan ciyawa inda ƙafar dama ta zame baya kamar faɗin yatsu biyu, kuma ya san daga nan ɓarnar ta taso. Ruwa ba ya tsami banza. Duk ƙarfin da ke zuwa kan ƙwallo daga ƙasa ake ɗauko shi, ta tafin ƙafa, kuma takalmi ne kaɗai ke tsakanin jikin ɗan wasa da ƙasar. Saboda haka nake ganin kafin mutum ya kashe kuɗi kan sabuwar sanda, ya fara juya takalminsa ya dubi ƙarƙashinsa.

Duk bayanin da zai biyo baya na mai bugu da dama ne. Bahago sai ya juya shi: inda na ce dama ya karanta hagu.

Abin da ƙafa ke yi a lokacin bugu

Sa'ad da kake ɗaga sanda baya, nauyinka na taruwa a kan ƙafar dama, a gefenta na ciki da wajen diddige. Kafin ma sandar ta gama kaiwa sama, nauyin ya fara komawa ƙafar hagu. Saukowar sandar kuwa ba ta kai rabin daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan lokaci ƙugu ke murɗawa da ƙarfi, kuma ba ya murɗawa sai ƙafafu sun tokari ƙasa: ta dama tana tura ƙasa zuwa bayanka, ta hagu tana tura ta zuwa gabanka, kamar mai son buɗe murfin babbar randa da tafin ƙafafunsa. Idan ƙasar ta riƙe, ƙarfin ya hau ta gwiwa da ƙugu da kafaɗa har zuwa kan sanda. Idan ta saki, wani kaso na ƙarfin ya tafi a zamewa, ƙugu ya tsaya, kafaɗa ta riga shi, fuskar sanda ta iso ƙwallo a karkace.

Ƙwararrun 'yan wasan Amurka suna kaɗa sandar dogon zango da gudun da ya haura kilomita 180 a awa, a kan ƙwallon da faɗinta bai kai milimita 43 ba. Mu ba ma kai wannan gudun, amma ƙwallon ɗaya ce. Zamewar da ba ta wuce santimita ɗaya ba ta isa ta sa sanda ta sari ƙasa kafin ƙwallo, ko ta daki samanta ta gangara kamar an harba ta da ƙafa.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mutumin da ya taɓa zamewa sau biyu ko uku, jikinsa kan daina yarda da ƙasa ko da bai sani ba. Sai ya rage juya ƙugu, ya ƙanƙame gwiwa, ya koma bugu da hannu kaɗai. Ba zai sake zamewa ba, amma ƙwallonsa ta rage nisa, kuma zai ɗauka tsufa ne ko gajiya.

Mataki na farko: karanta sawunka

Je wurin atisaye da sassafe, kafin raɓa ta bushe, ka nemi wuri mai ciyawa maimakon tabarmar roba. Ɗauki sandar dogon zango ka buga ƙwallo goma da cikakken ƙarfinka. Bayan kowane bugu kada ka yi saurin matsawa. Tsaya a yadda ka ƙare har ka ƙirga uku: nauyi a ƙafar hagu, diddigen dama a sama, kan takalmin dama kaɗai ke taɓa ƙasa, cibiyarka na fuskantar inda ka nufa. Sannan ka ɗaga ƙafa ka dubi sawun.

Idan ka ga karce mai tsawo a bayan inda ƙafar dama ta tsaya, ta zame. Idan ƙafar hagu ta juya har yatsunta suka koma fuskantar inda ƙwallo ta tafi tun kafin ka gama bugu, diddigen bai kama ba. Idan kuma ba ka iya tsayuwar ƙirga uku sai ka ɗan taka gaba ko baya, matsalar tana iya zama ta tsayuwa, ba ta takalmi ba, kuma zan zo kanta. In da hali, ka sa wani ya ɗauki bidiyon ƙafafunka kaɗai da waya, daga gwiwa zuwa ƙasa. Gani ya kori ji.

Wani zai ce ai Scottie Scheffler, wanda ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, a 2022 da 2024, ƙafarsa ta dama na zamewa baya a kusan kowane babban bugu. Gaskiya ne. Amma a lokacin da tasa ke zamewa, nauyinsa ya riga ya koma hagu, ƙafar ta gama aikinta. Zamewar da ke cutarwa ita ce wadda ke zuwa alhali nauyi yana kan ƙafar.

Mataki na biyu: juya takalmin

Wanke ƙarƙashinsa da buroshi, ka duba ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Takalman yanzu galibi suna da shida zuwa tara a kowace ƙafa, kowace ƙusa da 'yan ƙafafun roba da suka bazu kamar na gizo-gizo. Danna su da babban yatsa. Mai lafiya tana lanƙwasa ta dawo. Wadda ta mutu ta kwanta ta yi sumul, ko wasu ƙafafun sun karye, ko robar ta ƙandare ta daina motsi. Ɗora takalmin a kan tebur ka duba daga baya: in ya jirkice gefe guda, ƙusoshin wannan gefen sun cinye. Ka fi sa ido kan na ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama da na gefen diddigen hagu, domin su ne ke ɗaukar murɗawar bugu.

Masu ƙera ƙusoshin suna ba da shawarar a canza su bayan an zaga fili sau goma sha biyar zuwa ashirin. Da filaye masu laushin ciyawa aka yi wannan lissafin. Wanda ke wasa a kan tsakuwa da marmara da rani, kuma yana ratsa kwalta daga mota zuwa wurin bugun farko, nasa za su riga haka mutuwa. Kada ka dogara da ƙirge, yatsanka ya fi gaya maka gaskiya.

Mataki na uku: zaɓi takalmin da ya dace da ƙasar da kake takawa

Kusan duk tsawon ƙarni na ashirin da ƙusoshin ƙarfe aka yi wasan golf. Suna kama ƙasa ƙwarai, har shahararren ɗan wasa Ben Hogan ya sa aka ƙara masa ƙusa guda a takalminsa don ƙafarsa ta daɗa kafuwa. Amma suna yayyaga ciyawar dandalin rami, wato lallausan wurin da ke kewaye da ramin da ake saka ƙwallo, suna cinye katakon gadoji da daɓen ɗakunan kulob, kuma mai yawo da su awa huɗu yana ji a tafin ƙafarsa. A farkon shekarun 1990 aka fito da na roba a jihar Idaho ta Amurka, waɗanda kamfanin Softspikes ya yaɗa. A 1994 kulob ɗin Wynstone da ke jihar Illinois ya hana ƙusar ƙarfe, sauran filaye suka bi sahu, har ta kai yau da wuya ka sami filin da zai bar ɗan wasa na gama-gari ya shiga da ita. Idan ka ci karo da tsohon takalmi mai ƙusar ƙarfe a gwanjo, kada ka shiga fili da shi sai ka tambayi hukumar kulob ɗin, domin dokar wasan ta ba su ikon hanawa.

Sauyi na biyu ya zo a watan Afrilun 2010. Fred Couples, yana da shekara 50, ya buga zagayen farko na Masters da bugu 66 ya hau kan gaba, sanye da takalmin Ecco marar ƙusa, ba ko safa. Daga nan takalmi marar ƙusa, mai 'yan ƙurajen roba da aka zuba tare da tafinsa, ya cika kasuwa.

To wanne za ka saya? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarka. Mai wasa a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san fili ɗaya yana da fuska biyu a shekara. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ciyawa ta yi kauri, ƙasa ta jiƙe, ga raɓa da safe. A nan mai ƙusa ne sarki, domin ƙafafun ƙusar suna ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa su kama abin da ke ƙasanta, su kuwa ƙurajen marar ƙusa laka ke cike tsakaninsu, tafin ya zama sumul kamar silifa. Haka ma a fili mai hawa da gangara da rafuka irin na IBB a Abuja, ko kan tudun Jos inda filin Rayfield yake tun 1913.

Da hunturu kuwa labari ya juya. Ƙasa ta bushe ta zama fako, ƙusa ba ta da abin da za ta nutse a ciki. Sai ka zama kana tsaye a kan 'yan tsinin roba bakwai ko takwas maimakon dukan tafin ƙafa, ga ƙura a sama tana sa santsi. A irin wannan ƙasa marar ƙusa ya fi zama daram, domin wuraren da yake taɓa ƙasa sun fi yawa, kuma ƙafa ta fi kusa da ƙasa. Ya fi daɗin tafiya ma, kuma ba ƙaramin abu ba ne: zaga ramuka 18 a ƙafa tafiya ce ta kilomita bakwai zuwa goma.

Ra'ayina shi ne, mai hali ya mallaki biyu, ɗaya na damina ɗaya na rani. Wanda guda ɗaya zai iya saye, ya sayi mai ƙusa. Dalilina biyu ne: zamewar damina ta fi ta rani muni, har tana iya kai ga targaɗe, kuma ƙusa in ta cinye ana canza ta, marar ƙusa kuwa in ƙurajensa suka share, takalmin ya gama aikin fili ke nan ko da samansa na sheƙi.

Kada ka shiga fili da takalmin ƙwallon ƙafa. Dogayen haƙoransa za su huda dandalin rami, kuma za a fitar da kai. Takalmin gudu ma ba shi ne ba: an yi shi ne don tafiya gaba, diddigensa mai tudu da laushi, in ka murɗa sai ƙafa ta kife gefe.

Mataki na huɗu: awo

Ƙusa tana riƙe takalmi a ƙasa ne kawai. Idan ƙafarka na yawo a cikin takalmin, zamewar ta koma ciki, inda ba wanda zai ga sawunta. Gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka yi wasa da ita. Bar sarari kamar faɗin yatsa tsakanin dogon yatsanka da kan takalmin. Diddige kuwa kada ya ɗaga in ka yi ɗage. Ka ɗaure igiya, ka tsaya kamar za ka yi bugu, ka murɗa jikinka dama da hagu da ƙarfi. In ka ji gefen ƙafarka na tura fatar takalmin har tana malalowa waje da tafin, bar shi.

Riƙe takalmin da hannu biyu ka murɗa shi kamar mai matse wanki. Ya kamata ya yi gardama. Lanƙwasa shi kuma: a daidai gindin yatsu ya kamata ya karye, ba a tsakiya ba. Mai ciwon gwiwa ko idon sawu ya fi kowa bukatar kula da wannan. Bayan haɗarin motar da Tiger Woods ya yi a Fabrairun 2021, wanda ya sa aka saka masa ƙarafa a ƙafar dama, ya dawo Masters a Afrilun 2022 sanye da takalmin FootJoy, alhali a lokacin da Nike yake da yarjejeniya. Dalilin da ya bayar shi ne ƙafar tana bukatar takalmin da zai fi riƙe ta. Sai dai akwai ɗaya gefen: mai ciwon gwiwar hagu, in takalmi ya kafe ƙafar ƙam, gwiwar ce ke shan murɗawar. Irin wannan mutum ya buɗe yatsun ƙafar hagu waje sosai, ko ya koma marar ƙusa da zai bar ƙafar ta ɗan juya bayan bugu.

Mai sayen na gwanjo ya ƙara duba abu biyu. Na farko, ramukan da ƙusoshin ke shiga: in sun fashe ko sun lalace, ba sabuwar ƙusar da za ta zauna. Na biyu, danna sosan da ke tsakanin tafi da fata. Takalmin da ya daɗe a ajiye, sosansa kan ruɓe ya riƙa marmashewa ko da ba a taɓa sa shi ba, kuma yana iya rabuwa biyu a tsakiyar fili.

Mataki na biyar: canza ƙusoshin

Wannan aikin minti ashirin ne in ka bi shi a hankali. Abin da ke ba mutane wahala shi ne ƙusoshin ba mazauni ɗaya gare su ba. Akwai Fast Twist, akwai Tri-Lok, akwai PINS, akwai Q-Lok, akwai kuma tsohon yayi mai gindin ƙarfe da ake murɗawa kamar noti. Ta PINS ba za ta shiga ramin Q-Lok ba ko ka yi yaya. Saboda haka ka fara cire guda ɗaya ka dubi gindinta, ka tafi da ita wurin mai sayarwa, ko ka ɗauki hotonta ka aika wa wanda zai sayo maka. Sau da yawa sunan mazaunin yana rubuce a jikin ƙusar ko a tafin takalmin. Tunda ba ko'ina ake samun su ba, in ka samu ka sayi kwali biyu.

Kayan aikin su ne: sifanar ƙusa mai tsini biyu, filaya, tsohon buroshin haƙori, ɗan tsinken katakon da ake ɗora ƙwallo a kai, da roba mai ruwan ɗumi.

Tsoma tafin takalmin kaɗai a ruwan na minti goma don busasshiyar laka ta saki, kada ruwan ya hau kan fata. Da tsinken katakon ka sakace ƙananan ramuka biyun da ke fuskar kowace ƙusa, domin nan tsinin sifana ke shiga, kuma in da yashi a ciki sifanar za ta riƙa kuɓucewa tana cinye ramin. Sa hannunka ɗaya cikin takalmin ka tokare, ka danna sifanar da ƙarfi, sannan ka murɗa hagu. Dannawar ta fi murɗawar muhimmanci. Wadda ta ƙi, ɗiga mata ɗan man sassauta tsatsa irin WD-40 a gefe, ka bar ta ka wuce ta gaba, ka dawo. Wadda ramukanta suka riga suka cinye, kama ta da filaya daga gefe ka juya. Kada ka sa wuƙa ko guduma: in mazaunin ya fashe, takalmin ne ya tafi.

Bayan ka cire duka, goge kowane rami da buroshi har ka tabbata ba ƙwayar yashi. Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ke sa sabuwar ƙusa ta faɗi a rami na uku. Zaunar da sabuwar da hannu tukuna, ka ji ta shiga daidai ba a karkace ba, sannan ka sa sifana ka murɗa dama har ka ji ƙaras. Wasu sau ɗaya suke yi, wasu sau biyu, kwalin zai faɗa. Mai gindin ƙarfe kuwa ba ta ƙara: ka tsaya da zarar ta ɗaure, in ka wuce nan ka kashe mazaunin. Canza su duka a lokaci guda. Sabuwa ɗaya a tsakiyar tsofaffi ta fi su tsawo, za ta riƙa tokarin tafin ƙafarka tana jirkita tsayuwarka.

Mataki na shida: tsayuwa

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa in sanda matsakaiciya ce, ka ƙara kaɗan in ta dogon zango ce, ka rage in bugun kusa ne. Nauyi ya zauna a tsakiyar tafi, ƙarƙashin igiyar takalmi. Gwajinsa mai sauƙi ne: in kana iya motsa yatsunka cikin takalmi, kuma kana iya ɗan ɗaga diddige ba tare da ka yi tangaɗi ba, ka tsaya daidai. Yatsun hagu su ɗan kalli waje. Buɗe ƙafafu fiye da kima yana ba da jin an kafu, amma yana ɗaure ƙugu, kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana ƙara tura ƙafafun su zame waje.

A wurin bugun farko kana da 'yancin da mutane da yawa ba sa mora. Wurin ba layi ba ne tsakanin alamomi biyun da ake kafawa a bakinsa: ya miƙa baya tsawon sanda biyu. Ƙwallon ce dole ta kasance a ciki, kai kana iya tsayawa a waje. Don haka kada ka soka tsinke sannan ka nemi wurin ƙafa. Fara neman inda ƙafafunka biyu za su zauna daidai, ba rami ba caɓi, sannan ka ɗora ƙwallon inda ta dace da wannan tsayuwar. Kafin ka tsaya, ɗaga kowace ƙafa ka sakace lakar da ciyawar da suka cushe tsakanin ƙusoshin. Da damina ka yi haka kafin kowane babban bugu.

A kan gangara, ƙa'idar farko ita ce rage ƙarfi. Ɗauki sandar da ta fi wadda ka saba nisa, ka buga da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka. Idan ƙwallon ta fi ƙafafunka tudu, gangarar za ta ja ka baya, don haka matsa nauyi wajen yatsu, ka riƙe sandar ƙasa kaɗan, ka saita dama domin ƙwallon za ta karkata hagu. Idan ƙwallon tana ƙasa da ƙafafunka, wannan ya fi kowanne wuya: ƙara buɗe ƙafa, durƙusa gwiwa sosai kamar mai shirin zama a kujera, nauyi a diddige, ka saita hagu, kuma kada ka miƙe sai ƙwallon ta tafi. Idan hawa kake fuskanta, daidaita kafaɗunka da hawan, ka san ƙwallon za ta tashi sama ta rage nisa. Idan gangara kake fuskanta, nauyi a ƙafar hagu, ƙwallon ta ɗan matso wajen ƙafar dama, ka bi gangarar da sanda, in ma ta kama ka taka gaba bayan bugu, taka.

A ramin yashi doka ta yarda ka murza ƙafafunka su ɗan nutse har su sami ƙasa mai ƙarfi. Yi hakan, amma ka tuna ka rage tsawo ke nan, sai ka riƙe sandar ƙasa daidai gwargwadon nutsewar. Abin da doka ta hana shi ne gina wurin tsayuwa: tara yashi da ƙafa don cike gangara, ko ɗora dutse ko wani abu ka taka. Hukuncinsa bugu biyu ne. A 1987, a filin Torrey Pines da ke San Diego, ƙwallon Craig Stadler ta shige ƙarƙashin wata bishiya a rami na 14, dole sai a durƙushe zai buga. Ya shimfiɗa tawul ya durƙusa a kai don kada wandonsa ya jiƙe. Washegari masu kallon talabijin suka ankarar da alƙalai, aka ce ya gina wurin tsayuwa, kuma tunda ya sa hannu a katin makinsa ba tare da ƙara bugu biyun ba, aka fitar da shi daga gasar da zai ƙare a matsayi na biyu.

Akwai kuma inda dokar ke taimakonka, kuma jahiltarta na sa mutane bugu a wurin da bai kamata ba. Idan tsayuwarka ta faɗa kan hanyar siminti ko kwalta da aka yi a cikin fili, ko cikin ruwan sama da ya kwanta wanda kake gani a kusa da takalminka ba tare da ka danna ƙasa da gangan ba, kana da damar ɗauke ƙwallon ba hukunci. Nemi wuri mafi kusa da ba ka taka abin, wanda bai fi kusa da rami ba, ka saki ƙwallon daga tsayin gwiwa a cikin tsawon sanda ɗaya daga nan. Ƙusar roba a kan jiƙaƙƙen siminti ko katakon gada santsi gare ta ƙwarai. Ko tafiya kake yi, taka a hankali.

A kan fako kuma, share 'yan tsakuwar da ke inda za ka taka ba daidai yake da share yashi ba. Tsakuwa da busasshen ganye da kara ana iya ɗauke su, amma yashi da sakakkiyar ƙasa doka ba ta yarda a share su don gyara wurin tsayuwa ba, sai a kan dandalin rami ko wurin bugun farko. Abin da za ka yi shi ne ka dasa ƙafarka da kyau, ka rage faɗin tsayuwa, ka rage ƙarfi.

A kan dandalin rami

Ɗaga ƙafa, kada ka ja ta. Kada ka juya a kan diddige ko kan yatsu, musamman kusa da rami, kuma kada ka taka layin da ƙwallon abokin wasanka za ta bi. Tun daga 2019 doka ta yarda a gyara tabon da takalmi ya bari a dandalin, abin da a da haramun ne kafin bugu. Gyara naka da na wanda ya riga ka ta hanyar danna shi a hankali da gindin sandar da ake gangara ƙwallo zuwa rami da ita. A filayen da dandalinsu na yashi ne da aka cakuɗa da mai, irin waɗanda aka daɗe ana wasa a kansu a Arewa, sawu ya fi fitowa. Zagaya ta gefe, ka bar mai jan buhu ya share layin kafin kowa ya buga.

Horar da ƙafar kanta

Fitaccen ɗan wasa Jack Nicklaus ya sha faɗin cewa malaminsa Jack Grout ya daɗe yana sa shi bugu da mirgina idon sawu kawai, ba tare da ɗaga diddige ba, kafin ya bar shi ya saki jiki. Sam Snead kuwa, wani tsohon gwanin wasan, da ƙafa ba takalmi yakan yi atisaye idan ya ji bugunsa ya rikice. Kai ma gwada: a kan ciyawa mai tsabta, inda ka tabbata ba ƙaya ba ƙarangiya, cire takalmi ka buga ƙwallo goma da gajeriyar sanda da rabin ƙarfi. Za ka ji inda nauyinka ke tafiya fiye da yadda kowa zai iya kwatanta maka. Bayan nan haɗe ƙafafunka wuri ɗaya ka buga wasu goma. Duk wanda ke fizgar sanda da kafaɗa zai yi tangaɗi nan take. Na uku, a gida: tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa talatin, ka canza, kullum. Amfaninsa yana fitowa ne a ramuka huɗun ƙarshe, lokacin da cinya ta gaji kuma ƙafa ta fara saki.

Da ka gama wasa, kankare lakar tun tana ɗanya, ka cire shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida ta tsotse danshi, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ka shanya shi a rana, kada kuma ka bar shi a but ɗin mota, domin zafin Maris da Afrilu yana narkar da gam ɗin tafin, yana kuma ƙandarar da robar ƙusoshin. Da hunturu ka riƙa shafa wa na fata man takalmi don kada ya tsage. Sifanar da ƙusoshi uku ko huɗu na ko-ta-kwana su zauna a ƙaramin aljihun jakar sandunanka, kuma daren da za ka fita wasa washegari ka bi kowace ƙusa da yatsa ka ji ko akwai wadda ta yi sako-sako.